Muhawarar gurup ɗin masu lantarki: milimita 0.2 ya isa raba wutar NEPA da layin 5V?

Ɗan Kadpoly: Salam jama'a. Ina zana bod ɗin lantarki mai leya huɗu na jan ƙarfe, wutar NEPA a leyar sama, layin 5V na USB daidai ƙarƙashinta, tsakaninsu milimita 0.2. Ni dai na ce ya isa, ai FR4, wato kayan da ake yin jikin bod ɗin da shi, na jure wajen bolt dubu 20 a kowane milimita, kun ga 0.2 bolt 4000 ke nan, ita kuwa wutar NEPA bolt 230 ce, ko ta kai ƙololuwa 325 ce.

Oga Panteka: Kai yaro lissafin aji ne wannan, sabon bod aka gwada a busasshe a ɗakin gwaji. Bari ya sha zafin inbata da laimar watan Agusta tukuna.

Ɗan Kadpoly: To oga ko an raba 4000 ɗin biyu ai da saura sosai

Injiniya Barnawa: Ƙanena matsalar ba adadin bolt ba ce kawai. Wannan 0.2 ɗin sau da yawa falle ɗaya ne na zaren gilas da gam, in kumfar iska ta maƙale ciki lokacin matsewa shi ke nan babu na biyu da zai tare, kuma ba ka gani da ido. Shi ya sa ƙa'idar kariya ta kayan lantarki IEC 62368-1 ke neman kaurin aƙalla milimita 0.4 a inda hannun mutum zai iya taɓa ɗaya ɓangaren, kai kuma USB ka ce, waya za a jona fa.

Mai Sola Kawo: Ni fa duk bod ɗin da ake kawo min ya ƙone, a sama yake ci, ƙurar hunturu ta taru laima ta zo wuta ta bi ta yi baƙin layi. Ban taɓa ganin na ciki ba.

Injiniya Barnawa: Malam na cikin ai ba ka gani, in ya ƙone sai dai ka ɗora wa tiransifoma laifi. Amma gaskiyarka ta wani gefen, IPC-2221 ma, kundin ƙa'idar zana bod, daga bolt 301 zuwa 500 tazarar milimita 2.5 tsakanin layuka ya ce a waje in ba fenti, a ciki 0.25 kacal.

Oga Panteka: Kai dai kwashe jan ƙarfen leya ta biyu daga ƙarƙashin wutar, mai da layin 5V ɗinka leya ta uku, tsakiyar bod ɗin ta kai milimita ɗaya kuma ko sisi ba za a ƙara maka ba.

Ɗan Kadpoly: In na kwashe ina zan bi da giraun ɗina, wato layin da wuta ke komawa ta kansa? Wurin ya matse wallahi

Injiniya Barnawa: Turo hoton zanen mu gani, da wurin da ramukan haɗin leyoyin suka ratsa.