Ina son zama kocin ƙwallon kwando, amma na rasa ta inda zan ɓullo

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka daɗe a harkar ƙwallon kwando.

Na yi shekara tara ina buga wasa kafin gwiwata ta hagu ta ƙi. Yanzu shekara uku ke nan ina horar da yara goma sha huɗu a wani filin makaranta a Kano. Ƙwallo biyu gare mu, ɗaya ma sai an yi mata iska kullum, ragar kwandon kuwa igiya muka ɗaura. Yaran sun iya, wallahi. Amma duk ƙungiyar da na je neman aikin mataimakin koci, tambayar farko ita ce: "Ina takardarka?"

A nan na maƙale. Wasu sun ce in tafi Legas in yi kwas a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere. Wasu sun ce kwas ɗin FIBA, wato hukumar ƙwallon kwando ta duniya, na matakin farko ya fi amfani. Kuɗin ɗaya kawai zan iya haɗawa, ga iyali.

Abin da ke ƙara rikita ni, Erik Spoelstra da nazarin bidiyon wasanni ya fara a ƙungiyar Miami Heat ta Amurka a 1995, sai 2008 ya zama babban koci. Ime Udoka kuma ya yi shekaru yana mataimakin koci ƙarƙashin babban koci Gregg Popovich a ƙungiyar San Antonio Spurs ta Amurka. To, a wajenmu wa zai ɗauke ka a haka?

Wanne zan fara? Ko in laƙe wa wani babban koci ba albashi tukuna?