Robar da ƙwayoyin bakteriya ke ƙerawa: shawarwarin da suka fito

A wata tattaunawa da muka yi kan roba mai ruɓewa, mun fi daɗewa a kan PHA, robar da wasu ƙwayoyin bakteriya ke tarawa a cikinsu kamar kitse idan an wadata su da sukari amma aka rage musu sinadarin naitirojin. Maurice Lemoigne, masanin Faransa, shi ya fara gano nau'inta mai suna PHB a 1926.

Shawarar da aka fi jaddadawa ita ce kada mai saye ya ruɗu da rubutun «mai ruɓewa» a jikin leda. PHA kan ruɓe a cikin ƙasa, har ma a ruwan teku, ko da yake sannu a hankali. PLA kuwa, wata robar daban da ake yi daga amfanin gona kamar masara, sai an kai ta masana'antar takin da zafinta ya kusa digiri 60 a ma'aunin Celsius. In ka jefa ta bola, haka za ka tarar da ita baɗi. Akwai kuma ledar da ake zuba wa sinadari don ta farfashe ƙanana-ƙanana. Tarayyar Turai ta hana ta a 2021. Wannan ta fi damuna, domin ɓurɓushinta na nan a gona, ido ne kawai ba ya gani.

Masu son sarrafawa an ce su nemi abinci mai arha ga ƙwayoyin, kamar ragowar ruwan rake na masana'antar sukari ko man suya da aka gama da shi, tunda tsada ce babbar matsala. PHB zallarta tana da saurin karyewa, sai an gauraya ta.

Inda PHA ta fi cancanta: zaren ɗinkin tiyata da jiki ke narkarwa, da ledar rufe kunyar shuka.