Shawarwari kan Tsofaffin Itatuwan Mafil da Suka Fara Ruɓewa

Masu kula da itatuwan mafil (itacen da ganyensa ke jikin tutar Kanada) a Kanada da arewacin Amurka sun yi ittifaki cewa ruɓar da ke biyo bayan mummunan sara ba ta warkewa, sai dai itacen ya killace ta da sabon nama, kamar yadda binciken Alex Shigo, masanin cututtukan itatuwa ɗan Amurka, ya nuna. Saboda haka suka hana shafa kwalta ko fenti a bakin saran, suka kuma hana cike kogo da siminti, domin hakan yana riƙe danshi, ya ƙara wa ruɓar ƙarfi.

Abin da ya fi muhimmanci, a ganina, shi ne a daina ƙara wa itacen rauni: a cire matattun rassa kaɗai, a yanke daf da kumburin gindin reshe ba tare da an taɓa shi ba. A shimfiɗa gutsattsarin ɓawon itace a ƙasa kewaye da itacen, kaurin shimfiɗar ya kai santimita 5 zuwa 10, kada ya taɓa gindin, a kuma shayar da shi lokacin fari.

Idan naman kaza ya tsiro a gindi, ko tsaga ta bayyana, musamman in itacen yana kusa da gida, wajibi ne a kira ƙwararre ya duba ko za a sare shi.