Wai China ce ta tsawwala kuɗin ƙananan jiragen ƙasa?

Kawu na Ingila: Salamu alaikum jama'a. Jiya na je baje kolin ƙananan jiragen ƙasa, irin na kwaikwayo da ake tuƙawa a cikin gida, a nan kusa da mu, na dawo hannu Rabbana. Kan jirgi guda, wanda bai kai tsawon kamu biyu ba, sama da fam 200. In mai sauti ne ya doshi 300. Ni dai maganata ɗaya ce: kai aikin zuwa China ne ya jawo mana wannan. Hornby, mai ƙera su, ta kwashe ƙira daga garin Margate na Ingila zuwa China, a 1999 aka gama kwashewa, aka ce don a samu sauƙi. Ina sauƙin? Su dawo da aikin gida, farashi zai sauka.

Auta: Kawu, kayan wasan yara ne fam 200? Mu da motar kara muka taso.

Kawu na Ingila: Kai, gyara kalamanka. Yaro ba ya taɓa wannan. Ana ɗaukar jirgi na gaske a rage shi sau 76, shi ne ma'aunin OO na Ingila, har lambar jikinsa da ƙusoshinsa sai sun fito. Kakanka a reluwe ya yi aiki a Zariya, a bakin layin dogo na girma, shi ya sa da na yi ritaya na shimfiɗa nawa a saman gida.

Injiniya: Allah ya ƙara girma Kawu, amma a nan ban bi ka ba. Ɗauko tsohon kan jirginka na zamanin Margate ka ajiye kusa da na yanzu. Na da, gangar jikin roba guda ce aka zuba, maƙalan hannu da bututu duk a jiki suke. Na yanzu kuwa kowane bututu daban ake yinsa, wani ma waya ce siririya kamar gashi, sai mutum ya zauna da hantsaki da gam yana liƙawa ɗaya bayan ɗaya. Ga fenti hawa-hawa, ga fitilu, ga na'urar DCC da ke ba ka damar tuƙa jirage da yawa a layi guda. Duk aikin hannu ne. Ka biya Bature albashin Ingila ya zauna yana wannan liƙe-liƙe, sai fam 200 ta zama abin marmari.

Hajiyar Kwari: To ni ku warware mini. Da masaƙun Kaduna suka mutu, atamfar China ta cika mana Kantin Kwari saboda ta fi araha. Me ya sa kayan China ke araha a wurinmu, a wurin Kawu kuma su yi tsada?

Injiniya: Yawa ne, Hajiya. Atamfa dila-dila ake bugawa ba ƙaƙƙautawa. Shi kuma wannan, kafin a fitar da ko guda ɗaya sai an sassaƙa mazubin ƙarfe da za a riƙa zuba robar a ciki, kuma mazubin ne ke cin kuɗi. In za ki raba kuɗinsa a kan kaya miliyan, ba a ji. In a kan 'yan dubbai ne, kowane mai saye sai ya ɗauki kasonsa. Sannan masu sha'awar nan ba su da sauƙin kai: wannan yana son jirgin yadda yake a 1955, wancan yana son shi bayan an canza masa bututun hayaƙi. Kowane canji sabon kashe kuɗi ne.

Kawu na Ingila: Wannan ta ƙarshe da ni kake, na gane.

Yaya na Amurka: Ku dakata, kada a yi wa Kawu taron dangi. Yana da gaskiya ta wani ɓangare. Matsalar ita ce kusan kowa ya ɗora kayansa a jaki ɗaya. Akwai masana'antar Sanda Kan a China da ke yi wa kamfanoni da dama ƙira, har da Hornby. A 2008 Kader ta saye ta, kuma Kader ita ce mai Bachmann, wato abokiyar gasar Hornby. A 2010 aka sallami abokan ciniki da yawa, kowa ya shiga neman inda zai kai mazubinsa. A 2018 ma wata masana'anta a China ta rufe bagatatan, kamfanoni irin su Atlas da Bowser suka yi ta ɗage kayan da suka yi alkawari. Wanda ba shi da masana'anta tasa, duk farashin da aka yanka masa haka zai karɓa.

Injiniya: Wannan na yarda, Yaya. Ƙara da albashin ma'aikata a lardin Guangdong na China da ya ninninka tun farkon shekarun 2000, da faɗuwar fam bayan ƙuri'ar Brexit a 2016 alhali da dala ake biyan masana'anta, da kuɗin kwantena da ya haukace a 2021.

Yaya na Amurka: Mu nan kuma harajin shigo da kaya. A Afrilun 2025 na kayan China ya kai kashi 145 cikin ɗari kafin a sassauta. Amma ka ga, ko da hakan ban ga wanda ya tashi ya gina masana'antar kan jirgi a nan ba. Lionel ta rufe tata a Michigan tun 2001. Masu sassaƙa mazubi da masu haɗawa sun tsufa, ba su bar magada ba.

Kawu na Ingila: To ya aka yi Peco har yau take yin layin dogonta a ƙauyen Beer na Devon? Kadee na yin maƙalan taragu a Oregon. Kato na ƙera nata a Japan. Su ba albashi suke biya ba?

Injiniya: Layin dogo da maƙala inji ne ke yin mafi yawan aikin, Kawu, kuma abu ɗaya ake maimaitawa shekara da shekaru. Kato kam ka kama ni, sai dai ita tana da kasuwar Japan mai yawan masu saye a ƙaramin ma'aunin N. Duba Märklin ta Jamus: ta riƙe masana'antarta a Göppingen, duk da haka ta durƙushe a 2009, sai da aka saye ta a 2013. Tana ƙira a Jamus da Hungary, kuma ba wanda ya taɓa kiran kayanta masu araha.

Hajiyar Kwari: Ni abin da na fahimta, ku ne kuka ce a ƙara muku ado, aka ƙara, yanzu kuna kukan kuɗin tela.

Kawu na Ingila: Hajiya, ko da adon, abin ya wuce gona da iri. Shagon Hattons mai sayar da ƙananan jirage da aka buɗe a Liverpool tun 1946 ya rufe a 2024. Yaron da zai fara yau da me zai fara?

Injiniya: Akwai jerin Railroad na Hornby, marasa yawan ado, masu sauƙin kuɗi. Su ma a China ake yinsu.

Kawu na Ingila: Na gan su. Ba ni so, fuskarsu ba ta fita.

Auta: Kawu, tsofaffin na Margate ɗin fa, tunda ba ka amfani da su?

Kawu na Ingila: Wa ya ce maka? Su ne ma ba sa lalacewa. Ranar Asabar akwai kasuwar gwanjo, in na samu mai arha zan ba mai tahowa ya kawo maka. Layin dogon kuma kai za ka saya.