Shin Jamusawa ne suka fara nutsar da jirgin yaƙi daga ƙarƙashin ruwa?

Ɗalibi daga Gwale:

Assalamu alaikum. Malamai, ina neman a raba mana wata gardama da ta taso a majalisarmu jiya bayan sallar isha'i. Wani yayanmu ya kafe a kan cewa Jamusawa ne suka fara amfani da jirgin ƙarƙashin ruwa wajen nutsar da jirgin abokan gaba, a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, ni kuwa na taɓa jin cewa an yi hakan a Amurka tun kafin a ƙirƙiro injin dizal. Wane ne yake da gaskiya a cikinmu? Idan kuma na Amurkan ne ya riga, da me yake tafiya tun da babu inji?

Malamin Tarihi, Fagge:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kai ne da gaskiya, kodayake yayan naka ma bai yi nisa da hanya ba. Jirgin ƙarƙashin ruwa na farko da ya nutsar da jirgin yaƙi shi ne H. L. Hunley, kuma ya yi hakan ne a daren 17 ga Fabrairu, 1864, a bakin tashar jiragen ruwa ta Charleston, lokacin yaƙin basasar Amurka. Don ka gane daɗewar abin, a wannan shekarar Sarki Abdullahi Maje Karofi ne a kan gadon sarautar Kano, kuma saura shekara 39 Turawa su shigo birnin.

Matsi ne ya haifar da jirgin. Sojojin ruwan jihohin Arewa na ƙasar Amurka sun yi wa tashoshin jihohin Kudu ƙawanya, suka hana auduga fita, suka hana makamai shiga, alhali Kudu ba ta da manyan jiragen da za ta yi gaba da gaba da su. Sai wasu mutane, cikinsu har da wani lauya mai suna Horace Lawson Hunley, suka zuba dukiyarsu wajen ƙera abin da zai lallaɓo ta ƙasa ya kai sara. An ƙera shi a Mobile ta jihar Alabama a 1863, aka ɗora shi a jirgin ƙasa zuwa Charleston a watan Agusta.

Tun kafin ya ga abokin gaba ya fara cin nasa. Ranar 29 ga Agusta ya nutse, mutum 5 suka mutu. Aka tsamo shi, aka gyara, ya sake nutsewa ranar 15 ga Oktoba da mutum 8, har da Hunley kansa. Janar Beauregard, wanda yake riƙe da tsaron Charleston, ya so ya jingine shi gaba ɗaya, sai da Laftanar George Dixon ya lallashe shi sannan ya yarda a sake gwadawa. Dixon ne ya jagoranci mutum 7 a daren da suka cim ma Housatonic, wani jirgin yaƙin Arewa mai nauyin tan 1,240, suka fasa shi ya nutse cikin 'yan mintuna, ma'aikatansa 5 suka halaka. Shi ma jirgin Hunley bai dawo ba.

Inda yayanka yake da hujja shi ne, daga wannan dare sai da aka yi shekara 50 ba a sake yin irin haka ba, har ranar 5 ga Satumba, 1914, da jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus U-21 ya nutsar da jirgin yaƙin Birtaniya Pathfinder.

Injiniya, Sharaɗa:

Allah ya gafarta Malam, ka bar mini ɓangaren da ya fi ba ni sha'awa, wato tambayarsa ta biyu. Ƙanena, da ƙarfin damtse yake tafiya. Ka ɗauka wani dogon tankin ƙarfe ne mai tsawon kamar mita 12, wanda tsayin cikinsa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, ta yadda babu mai iya miƙewa tsaye. Mutum 7 ne suke zama a jere a kan benci ɗaya suna murza wani dogon ƙarfe mai gwiwa-gwiwa, kamar yadda ake murza injin taliya a gida, shi kuma ƙarfen yana juya farfelar da take baya. Na takwas ɗinsu, wato kwamanda, yana gaba yana riƙe da sandar tuƙi yana leƙe ta wasu ƙananan tagogin gilashi. Idan suka yi iya ƙoƙarinsu, gudunsa bai wuce kilomita 7 a awa ba, kuma igiyar ruwa tana iya fin ƙarfinsu, shi ya sa suke jiran lokacin janyewar ruwa kafin su fita.

Nutsewa da tasowa kuma da tankuna biyu ake yi, ɗaya a gaba ɗaya a baya. A buɗe musu ruwa ya shiga sai jirgin ya yi nauyi ya yi ƙasa, a fitar da ruwan da famfon hannu sai ya taso. Haskensu kyandir ne, kuma shi ne ma'aunin iskarsu, domin idan harshen wutar ya fara lanƙwashewa yana neman mutuwa, sun san iskar shaƙa ta kusa ƙarewa.

Makamin shi ne ya fi komai haɗari. Ba harba shi ake yi ba. Gwangwanin tagulla ne cike da albarushi mai nauyin kilo 61, a maƙale a bakin wata sandar ƙarfe mai tsawon kamar mita 5 da aka kafa a goshin jirgin, don haka dole sai sun je sun dangana shi da cikin jirgin abokin gaba. Duk wanda ya san aikin nakiya ya san mita 5 ba tazara ba ce, balle a cikin ruwa, inda girgizar fashewa take tafiya da ƙarfi fiye da a iska.

Malama, Tudun Wada:

Malamai, na ƙaru da bayananku, amma ina da ja a kan yadda ake yawan kiran wannan abu nasara. A yi lissafi: jirgin ya kashe mutanensa 21 a nutsewa uku, ya kashe na abokan gaba 5. Ƙawanyar da aka ƙera shi don ya karya ba ta karye ba, kuma bayan shekara guda, a Fabrairun 1865, Charleston ta faɗa hannun sojojin Arewa. Sannan a daren harin ma ba a can ƙasa yake ba, yana dab da saman ruwa ne, har masu gadin Housatonic suka hango shi suka buɗe masa wuta da ƙananan bindigogi, tun da manyan igwoginsu ba sa sunkuyawa su sami abin da yake kusa haka. Kada kuma mu manta cewa ɓangaren da ya yi wa yaƙi shi ne wanda ya ɓalle don ya ci gaba da bautar da baƙar fata. Ban hana a yaba ƙarfin halin waɗanda suka shiga cikinsa bayan sun san ya riga ya binne ayari biyu ba, amma a wurina abin da ya tabbatar kawai shi ne cewa dabarar mai yiwuwa ce, ba wai ta kammalu ba.

Ɗalibi daga Gwale:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Malama, hujjarki ta shige ni. To amma an taɓa gano inda jirgin ya shiga, da abin da ya kashe su Dixon?

Malamin Tarihi, Fagge:

An gano shi a 1995 binne cikin laka, ba nisa da inda Housatonic ya nutse, aka ɗago shi ranar 8 ga Agusta, 2000, kuma yana ajiye a wata cibiyar adana kayan tarihi a North Charleston. Da aka buɗe shi, an tarar da ƙasusuwan mutanen takwas kowa a mazauninsa, babu alamar sun yi rububin zuwa ƙofa. Wannan ne ya sa wasu masu bincike na Jami'ar Duke suka kawo hujja a 2017 cewa girgizar nakiyarsu ce ta ratsa ƙarfen ta kashe su nan take, kamar yadda Injiniya ya yi nuni, wasu kuwa suna ganin iska ce ta ƙare musu suna zaune suna jiran ruwa ya juya. A jikin Dixon an sami tsabar zinariya ta dala 20 a lanƙwashe, wadda ta tare masa harsashi a yaƙin Shiloh a 1862. An yi jana'izarsu ranar 17 ga Afrilu, 2004, a maƙabartar Magnolia, kusa da kaburburan ayari biyun da suka riga su.