Kotu ta ba ni gaskiya amma ya ƙi biya, yaya zan ɗaure bashin a kan gidansa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A jihar Kalifoniya ta Amurka nake. Wani ɗan kwangila ya karɓi dala 9,000 zai gyara mini rufin gida, ya tsere bai yi aikin ba. Kotun ƙananan ƙararraki ta ce ya biya, har yau ko sisi. Na ji yana da gida a kawuntin (wato gundumar) Alameda. Ta ina zan fara?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam Hajiya. Hukuncin kotu shi kaɗai ba ya taɓa gidan kowa, sai kin kai shi rajista. Ki bari kwana 30 na ɗaukaka ƙara su wuce, sannan ki cike fom EJ-001, takardar taƙaitaccen hukunci ke nan. Akawun kotun da ta yi shari'ar zai buga mata hatimi, sai ki kai ta ofishin rajistar filaye na Alameda, ba na inda kike zaune ba. Duk wuraren biyu akwai ɗan kuɗin da za ki biya. Daga ranar rajista bashin ya hau kan duk gida ko filin da ke da sunansa a kawuntin, har wanda zai mallaka nan gaba. Kawunti 58 ne a jihar, kowace rajistarta daban.

Wajen cike fom ɗin mutane ke faɗuwa. Sunan ya zo daidai da na hukuncin, ki kuma duba ko shi ne a takardar gidan. In da sunan kamfaninsa aka yanke hukunci, gidan kuwa da sunansa na kansa, kin ɗaure iska. Akwai gurbin lambobi huɗu na ƙarshe na lasin tuƙinsa da na lambarsa ta Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum. In kin sani ki rubuta, in ba ki sani ba ki yi alama a akwatin rashin sani. Barinsa fayau alhali kin sani na iya rusa ɗaurin.

Amsa ta biyu: Gaskiyar Malam, amma Hajiya kada ki sa rai da kuɗi gobe. Wannan tarko ne, jira ake yi. Ranar da ya tashi sayar da gidan ko sake karɓar rancen banki a kansa, kamfanin da ke tantance takardun mallaka zai ga sunanki, cinikin kuma ba ya kammaluwa cikin sauƙi sai an sallame ki. Tilasta gwanjo akwai shi a doka, sai dai bankin da ya riga ki rajista shi ke fara ɗiba, sannan in gidan da yake kwana ne, tun 2021 doka ta kare masa tsakanin dala 300,000 zuwa 600,000 na darajarsa, adadin yana ƙaruwa da tsadar rayuwa. A kan dala 9,000 wahalar ba ta biya.

Amsa ta uku: A ƙara da maganar wa'adi. Shekara 10 hukuncin ke yi daga ranar da aka shigar da shi, ba daga ranar rajista ba. Kafin ta cika ki sabunta hukuncin da fom EJ-190, ki kai kwafinsa mai hatimin kotu ofishin rajistar. Wanda ya sabunta a kotu ya manta da ofishin, ɗaurinsa ya kwance, ya koma bayan layi. Irin wannan bashi yana tara ruwa kashi 10 cikin 100 a shekara, wato dala 900. Karɓarsa ko barinsa, wannan ke da malamanki. In kuma ya shigar da takardar karyewar arziki cikin kwana 90 da rajistarki, ana iya soke ɗaurin, shi ya sa ba a jinkiri.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. To in ya biya fa?

Amsa ta farko: Sai ki cike EJ-100 ta shaidar an biya, ki sa hannu gaban notari, jami'in da ke tabbatar da sa hannu, a shigar a kotu, a kuma kai ofishin rajistar don a wanke gidan. In ya nema a rubuce kika wuce kwana 14 ba ki bayar ba, ke za a ci tara.