Wace kyamara marar madubi ce za ta dace da tsofaffin lens ɗina?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu ɗaukar hoto. Ina da tsofaffin lens guda biyu da na gada daga mahaifina: Helios 44-2 mai 58mm, ƙirar Tarayyar Sobiyet, da Canon FD 50mm. Duka da hannu ake murza su don saita hoto. Adafta, wato mahaɗin lens da kyamara, ba matsala ba ce, kyamarar da zan ɗora su a kai ce ta tsaya mini a rai.

Hankalina ya fi karkata ga Sony A7 II ta hannu, domin sensarta, wato ɓangaren da ke kama hoto, mai cikakken girma ce, kuma tana rage girgizar hannu a jikinta, abin da waɗannan lens ɗin ba su da shi. Amma batirinta ƙarami ne, ga halin wutar lantarki. Fujifilm X-T2 kuwa, da yake sensarta ƙarama ce, za ta mayar da 58mm kamar 87mm, ta yanke gefen hoto, alhali a gefen ne Helios ke yin wannan juyin na bayan hoto da nake ƙauna.

Babbar damuwata ido: ina sa tabarau. Wanda ya gwada su, ko Nikon Z5, a wacce aka fi ganin hoto ya saitu a tagar leƙe, musamman da almuru? Don Allah a taimaka.